Neman Sawun Kafinta a Kaduna

Aboki, ka ce in na dawo in ba ka labari tiryan-tiryan, to ga shi. Ka san dai abin da ya fitar da ni daga Gusau. Zuriyarmu ta wajen uba, in aka bi salsala, a kan mutum ɗaya take tsayawa cak, wato kakan babana, wanda har ya koma ga Mahaliccinsa ba a kiransa da komai sai Kafinta. Ya zo Gusau ne tare da masu aikin dogo, lokacin da layin jirgin ƙasa ya taso daga Zariya, ya ratsa Funtuwa, ya bi ta kanmu ya tuƙe a Ƙauran Namoda cikin 1929. Daga ina ya fito kafin nan? Manya sukan ce, "Yaron Dungurum ne," su ja bakinsu su yi shiru. Dungurum ita ce Zungeru, hedkwatar Turawan mulki ta Arewa kafin su komo Kaduna. Ba a taɓa jin sunan ubansa ba, babu garin da ake cewa can ne gida, kuma babu wani baffa da ya taɓa zuwa mana biki ko ta'aziyya daga danginsa. Cikin waɗanda suka yi wayo yana raye, mutum ɗaya ta rage, Gwaggo, yayar babana, wadda ke zaune wajen ɗanta a Malali.

Sai da rana ta ɗaga muka bar tasha, don yanzu ba mai sammakon wannan hanya. Tsakanin Tsafe da 'Yankara hira ta ɗauke a motar kamar yadda ta saba, kowa ya koma kan carbinsa, sai da muka hango Funtuwa bakuna suka buɗe. Giwa, Shika, Samaru, muka sauka Kwangila na sake mota. Daga nan Jaji, Mararrabar Jos, ga mu a Kawo ana kiran la'asar. Na tari Keke Napep, muka bi ta Unguwar Dosa da Badarawa.

A zatona Kaduna duk hayaniya ce, irin ta Kawo da Kasuwar Barci. Malali ta ba ni mamaki. Unguwa ce mai sanyin inuwa, mangwaro da darbejiya sun rufe tituna, gidajen Lokos na gwamnati jere reras, wasu an ɗaga su sun koma benaye, wasu suna nan yadda aka gina su. Can gefe ga Kwalejin Gwamnatin Tarayya da aka buɗe a 1973, ga kuma gidan ruwa da ke shayar da babban ɓangare na garin, bayansa Kogin Kaduna na tafiya. A wajenmu in kana neman gida sai ka ce gidan maƙera ko gidan Liman, nan da nan yaro ya kai ka. A Malali lamba ake tambaya, in ba ka da ita a ce maka, "Wace ma'aikata maigidan ya yi ritaya?" Hausar ma kala-kala ce. A masallacin layinsu Gwaggo na ji ta Sakkwato, na ji ta Bauci, na ji ta mutanen Ilori da ta 'yan Borno, duk a sahu ɗaya. Gari ne da kusan kowa kakansa daga wani wuri ya zo, wannan kuwa ya ɗan kwantar mini da hankali game da abin da ya kawo ni.

"Babana, sannu da hanya," in ji Gwaggo. Haka take kirana saboda sunan mahaifinta aka sa mini. Sai da na ci tuwon shinkafa miyar taushe, aka yi isha'i, sannan ta sa jika ya jawo wani akwati daga ƙarƙashin gado. Akwatin katako ne, tsawonsa bai wuce kamu biyu ba, ya yi baƙi don tsufa da shafar hannu. Ta ce in duba kusurwoyinsa. Babu ƙusa ko ɗaya. An yanka bakin kowane katako haƙora-haƙora, na wannan ya shige tsakanin na wancan, sun kama juna gam, ko tsinin allura ba zai shiga ba. Murfin har yau in ka sake shi a hankali yake sauka. Kafinta ne ya haɗa wa mahaifiyarta shi lokacin da aka kawo ta gidan. Na yi ta shafa kusurwar nan ina tunani, wannan ba aikin gizago ba ne irin na masassaƙanmu masu turmi da kujerar tsugunno. Aikin wanda aka zaunar aka koya wa awo da zarto ne, shekara da shekaru. Wa ya koya masa?

Gwaggo ta ce abin da ta sani kaɗan ne. Yana da tsaga a fuska wadda ba ta ga irinta a Zamfara ba. Ya taɓa gaya wa mahaifinta cewa an ɗauko shi cikin jirgin ruwa yana ƙarami, an lulluɓe su da tabarma, sai soja suka tare jirgin. Ta kuma san sunansa na yarinta, wanda yake da shi kafin ya musulunta. Ta faɗa mini shi ƙasa-ƙasa, na kuma yi mata alkawarin ba zan sa shi a takarda ba.

Ɗanta, wanda taubashina ne, yana zaune yana jinmu. Kullum muka haɗu sai mun taɓa wasan taubasai, amma ran nan fuskarsa ba wasa. Da Gwaggo ta shiga ciki ya ce, "Kai, me kake so ka tono? An sa ranar 'yata. Ka san mutanenmu da binciken asali." Na ce, "Yaya, ba tallarsa zan yi ba, sani nake so." Ya ce, "Abin da ka sani ai ya fita daga hannunka." Ban ga laifinsa ba. Har gobe akwai gidajen da in aka ji kalmar bawa ko bacucane a salsalar yarinya sai a janye, ko da kuwa shekara ɗari ta wuce. Raina dai yana ƙuna a kan wannan hali namu. Yaron da aka sace ko aka sayar don yunwa, me ya yi? In akwai abin kunya, ai yana wuyan wanda ya saya da wanda ya sayar, amma jikokinsu ba wanda ake hana wa aure.

Da safe na fara da Gidan Arewa, kan titin Rabah, ba nisa da Malali. Gidan Sardauna ne, nan aka kashe shi ranar 15 ga Janairu 1966. A 1970 aka mayar da wurin cibiyar binciken tarihi, Farfesa Abdullahi Smith ne ya fara jagorantarta, yanzu kuma tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Na zaga na ga kayan marigayi da hotuna, na shiga ɗakin karatu na faɗi buƙatata. Wani ma'aikaci ya saurare ni da kyau, ya ce irin takardun da nake nema, na kotunan farkon zuwan Turawa, sun fi yawa a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa, kan titin Yakubu Gowon. Ka ga, shekaruna nawa ina wucewa ta Kaduna, ban taɓa sanin akwai wani gida da aka tara takardun lardunan Arewa kaf a cikinsa ba. Masanin tarihi Kenneth Dike ne ya assasa hukumar a 1954, manyan rassanta uku, Badun da Inugu da nan Kaduna.

Wurin shiru kamar makarantar da aka tashi. Ka rubuta sunanka, ka ajiye jaka, a ba ka littattafan jerin fayiloli ka duba da kanka. Kowane lardi da laƙabinsa a taƙaice, na Zazzau daban, na Kano daban, na Sakkwato daban, ga kuma na ofishin Sakataren Lardunan Arewa, wanda ya fi kowanne yawa. In ka ga abin da kake so sai ka cika 'yar takarda da lambarsa, a shiga ciki a ɗauko maka. Na zauna gaban jerin nan na rasa ta inda zan kama, don ni a sanina kotu kotu ce. Wani ɗalibi da ke rubuta kundin digirinsa na uku a Zariya, yana tebur ɗaya da ni, shi ya ga na yi jugum ya matso. Ya ce, "Malam, wa kake nema, babba ko yaro?" Na ce yaro. Ya ce, "To ba wajen alƙali za ka fara ba."

Ga yadda ya warware mini, na kuma bi takardun na ga haka ne. Lokacin da Turawa suka ci ƙasar nan, Kano a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, bayin da ke cikin Daular Usmaniyya sun haura miliyan ɗaya, mai yiwuwa ma sun kai miliyan biyu da rabi, bisa ƙiyasin Paul Lovejoy da Jan Hogendorn a littafin da suka fitar a 1993. Gwamna Lugga bai 'yanta su rana ɗaya ba, don yana tsoron rinji ya watse, noma ya tsaya, sarakunan da yake mulki ta hannunsu su juya masa baya. Dokarsa ta 1901 ta hana kamu da saye da sayarwa, ta ce duk ɗan da aka haifa daga 1 ga Afrilu na shekarar ɗa ne ba bawa ba. Amma wanda yake hannun ubangijinsa yana nan yadda yake, sai in ya fanshi kansa ko an fanshe shi. Ba a soke bauta ɗungurungum a Arewa ba sai 1936. Ka lissafa ka gani, an riga an haifi kakanninmu.

Saboda haka takardun suka kasu biyu. Akwai na kotunan alƙalai da majalisun sarakuna, da Larabci, hannun muhuti. Can za ka ga bawa mai biyan murgu ya tara kuɗi ya zo fansar kansa, ko wani ya fanshi kuyanga don ya aure ta, ko gardama a kan wane ɗa ne ko bawa. Irinsu ne na majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914, waɗanda Allan Christelow ya fassara ya buga a 1994. Sai kuma na kotun lardi, inda Razdan yake zama joji, da Turanci. Yaran da aka ƙwato daga hannun fatake a kan hanya nan ake kawo su, a hukunta mai safarar, a rubuta yaron cikin rijistar 'yantattun bayi, kotu ta yanke inda za a kai shi. Da na ba ɗalibin labarin jirgin ruwa da tabarma, bai yi wata-wata ba ya ce, "Binuwai. Nemi lardin Muri da na Yola, wajen 1904 zuwa 1906." A shekarun nan an yi muguwar yunwa a wannan yanki, har iyaye suka riƙa ba da 'ya'yansu don hatsi, 'yan safara kuma suna gangarowa da su ta kogi.

Da aka ajiye mini rijistar farko sai da na yi bisimilla kafin in taɓa ta. Doguwa ce, in ka buɗe ta ta cika rabin tebur. Takardar ta koma ruwan ƙasa, gefenta yana marmashewa in ka matsa, tawadar da aka yi baƙa ta juye ja-ja. An ja layuka daga sama zuwa ƙasa an raba shafin gida-gida: lamba, suna, mace ko namiji, shekaru, ƙabila, inda aka same shi, ranar da aka 'yanta shi. Shekarun duk kintace ne, akawu ya dubi yaro ya rubuta bakwai ko goma. Gida na ƙarshe shi ne na yadda aka yi da shi. Wani an mayar da shi ga dangi. Wani babba ne, an bar shi ya kama gabansa. Wata an aurar da ita. Wani ya shiga soja. Wani an ba da shi riƙo ga wani mutum da aka ce mai mutunci ne, wani an sa shi koyon sana'a, wani an aika shi gidan 'yantattun bayi. Wani kuwa kalma ɗaya ce a gabansa, ya mutu. Na bi shafin da yatsa daga farko har ƙarshe ina neman gidan sunan uba. A wadda na riƙe babu shi. Takardar ta damu da hannun da yaro zai shiga, ba ta tambayi hannun da aka fizge shi ba. Yaro ɗan shekara shida wanda ba ya jin Hausa balle Turanci, a gaban Bature da tafinta da ɗan sanda, wa ma zai tsaya ya tambaye shi sunan tsohuwarsa?

Gidan 'yantattun bayin nan ma ban taɓa jin labarinsa ba sai ran nan. Gwamnati ta buɗe ɗaya a Dungurum, wani kuma a Borno. Mata da ƙananan yara ake tarawa, waɗanda ba a san inda za a mayar da su ba. Ana koya wa 'yan mata wanki da guga da ɗinki, maza kuma aikin lambu da kafinta. Da yawa sun iso a rame, ciwo ya ci ƙarfinsu, ba su daɗe ba suka rasu. Waɗanda suka yi tsawon rai, in sun tasa, sai a rarraba su: wasu Ma'aikatar Ayyuka su koyi sana'a, wasu gidajen akawuna da ma'aikata su yi aikatau da sunan riƙo, wasu wajen 'yan mishan. Ban yarda a kira wannan duka alheri ba, ban kuma yarda a kira shi duka zalunci ba. Yaron da aka ba wa zarto ya samu abin da ya ci da kansa da zuriyarsa har mu. Yarinyar da aka miƙa wa wani gida riƙo kuwa, ba albashi, ba dangin da za ta kai wa kuka, sau da yawa sunan abin kawai aka sauya.

Ɗalibin ya ce ba mu kaɗai ba ne. A Saliyo, tun daga 1808, jiragen yaƙin Ingila suna tare jiragen bayi a teku su kai Firitawun, kotu ta 'yanta mutanen, a rubuta suna da shekaru da tsawo da tsagar fuska, yara kuma a ba da su koyon sana'a a gidajen mutane. Akwai Hausawa da Barebari cikinsu, kamar Ali Eisami ɗan Borno, wanda aka sauke can a 1818. A Amurka ma, da aka gama yaƙin basasa a 1865, jihohin kudu irin su Misisifi sun yi dokar da ta ba kotu damar ɗaure 'ya'yan 'yantattun bayi da sunan koyon sana'a, har a fifita tsohon ubangijinsu wajen ba da su. Yau jikokinsu baƙaƙen fatar Amurka takardun kotunan nan suke bi suna gano kakanninsu, an ɗora da yawa a intanet, mutum yana ɗakinsa yana bincike. Su suna nema da alfahari. Mu namu suna nan cikin ƙura a tsakiyar Kaduna, muna kaucewa.

Ana cikin haka na lura da wata dattijuwa a teburin gaba, da tabarau da ɗankwali, tana jiran rijistar da ke hannuna. Na gaishe ta, na ce, "Mama, ko in miƙo miki?" Ta ce, "A'a ɗana, gama tukuna, na saba jira." Hausarta tas. Tsohuwar nas ce, daga Barnawa ta zo, ƙetaren kogi. Kakarta take nema. Ita ma an ƙwato ta tana ƙarama an kai ta Dungurum. Amma a 1909 gwamnati ta rufe gidan, ta miƙa yaran da suka rage ga mishan ɗin SUM, waɗanda suka gina musu gida a Rumasha, bakin Binuwai, suka sa masa sunan Lucy, matar jagoransu Karl Kumm, wadda ta rasu a 1906. Daga baya aka mayar da gidan Wukari, aka rufe shi a 1925. Can kakarta ta girma, ta yi baftisma, ta auri wani malamin bishara. Zuriyarsu duk Kirista ne.

Na daɗe ina juya wannan a raina. Ka san yadda Kaduna ta koma tun rikicin 2000 da na 2002, Musulmi sun tattara arewacin kogi, Kirista sun koma kudu, har mutum yakan yi shekara bai tsallaka gada ba in ba dole. Ga ni daga Malali, ga ta daga Barnawa, littafi ɗaya muke jira. Da Kafinta ya yi ƙanƙanta da shekara biyu ko uku, da bai isa a ba shi zarto ba kafin a rufe gidan, da Rumasha za a kai shi, da yanzu wataƙila ni ne nake zuwa daga Barnawa. Na yi imani da ƙaddara, kuma ina gode wa Allah da ya yi ni Musulmi. Amma na ga sababin da idona, layi ɗaya ne na alƙalamin akawu. Tun ranar in na ji wani yana zagin mutanen ƙetaren kogi da sunan asali sai in ji abin ya tsaya mini a wuya.

Ba a rijistar farko na same shi ba, ba kuma a ta biyu ba. Abin da ya wahalar da ni rubutun sunaye ne, don akawu yana rubuta abin da kunnensa ya ji ne daga bakin tafinta, suna ɗaya sai ka gan shi da siffa uku. Sai na koma karanta kowane suna a bayyane, ƙasa-ƙasa, ina saurarar ko zai yi kama da wanda Gwaggo ta raɗa mini. A cikin takardun lardin Muri na 1905 na ci karo da shi. Namiji, shekara tara, ƙabila Wurkum, an same shi a jirgin ruwa a Binuwai tare da wasu yara, an aika shi Dungurum. Layin da ke ƙarƙashinsa wata yarinya ce 'yar shekara biyar, ƙabila ɗaya, rana ɗaya, jirgi ɗaya. A gidanta na ƙarshe an rubuta ta mutu. Ko ƙanwarsa ce, ko 'yar maƙwabta, takarda ba ta faɗa ba. Na tashi na fita waje na tsaya gindin wata bishiya, sai da na samu natsuwa na dawo.

Ɗalibin ne ya nuna mini inda zan nemi mataki na gaba, cikin fayilolin Sakatare masu maganar gidan Dungurum. A wata takarda mai jerin yaran da aka ba Ma'aikatar Ayyuka koyon sana'a, sunan ya sake fitowa, da ɗan bambancin harafi, gabansa an rubuta kafinta. An ce za a ciyar da su, a tufatar da su, a koya musu aiki. Babu sa hannun yaro, babu na wani nasa. Ba zan rantse da Alƙur'ani cewa shi ne ba, don suna yakan zo ɗaya. Amma suna, da jirgin ruwa, da Dungurum, da sana'a, abu huɗu sun haɗu a kan yaro guda. Na biya aka ɗaukar mini hoton shafukan biyu. Dattijuwar Barnawa ba ta samu tata ba ran nan, ta duba nawa ta ce, "Allah ya ji ƙansa," na ce amin, muka karɓi lambar juna.

Kafin in koma gida na biya ta Gamji, wurin shaƙatawa na bakin kogi, don an ce mini akwai wata gadar ƙafa ta ƙarfe da ake kira gadar Lugga, wadda aka ciro daga Dungurum aka dasa a nan. 'Yar ƙarama ce, matasa na hawa suna ɗaukar hoto. Kogin Kaduna ɗin nan da ya bi ta bayan Malali shi ne ya gangara Shiroro, ya wuce ta Dungurum, ya je ya faɗa Kwara. Turawa da suka tashi ƙaura sun kwaso fayilolinsu da ma'aikatansu, daga baya har da gadarsu. Ina jin ta haka Kafinta ya biyo aiki ya yiwo arewa, har dogo ya kai shi Gusau.

Da dare na karanta wa Gwaggo shafin, ina fassara mata gida-gida. Ba ta yi kuka ba. Da na zo kan yarinyar sai ta ce in maimaita, na maimaita. Ta ce, "Shi ya sa." Wai duk shekara in azumi ya zo yakan sa a dafa abinci a raba wa yara mata ƙanana na unguwa, ban da maza, ba wanda ya san dalili, ana ɗauka wata al'ada ce tasa. Sannan ta tuna wani abu da ba ta faɗa mini da farko ba. In yana awon katako ba da Hausa yake ƙirga ba, ba kuma da Turanci ba. Su yara suna zagaye shi suna kwaikwayo suna dariya, har ta haddace daga ɗaya zuwa biyar. Na ce, "Gwaggo, har yanzu kina iyawa?" Ta rufe ido ta ƙirga, na ɗauka a waya, na sa ta sake don kada wani harafi ya kuɓuce.

Wannan ƙirgen ya fi takardar amfani ta wani fanni. Wurkum ba ƙabila ɗaya ba ce, suna ne da aka yi wa mutanen duwatsun arewacin Binuwai jimla, a ƙasar Karim Lamido ta Jihar Taraba a yau. Cikinsu akwai Kulung, akwai Piya, akwai wasu, kowa da harshensa. Akawu ya ba ni yanki, bakin Gwaggo ne zai ba ni dutsen. Da na zo bayan ranta, da takardar kaɗai ba ta kai ni ko'ina ba, don ba zan ma san sunan da zan nema ba.

Taubashina bai ce uffan ba duk daren. Da safe shi ya ɗauke ni a motarsa zuwa Kawo. Mun wuce Badarawa ya ce, "Hoton takardar nan, ka turo mini." Na ce to. Ya ce, "Amma ka bari a ɗaura auren nan tukuna kafin ka gaya wa sauran dangi." Na ce na yarda, haƙƙinsa ne. Ya yi shiru har muka shiga tasha, sannan ya tambaye ni shekarun yarinyar. Na ce biyar.

Na tura wa dattijuwar Barnawa muryar Gwaggo, don ta ce akwai wani ɗan Bambur a cocinsu, Bakulunge, zai saurara ya faɗa mana ko harshensu ne ko na maƙwabta. In ruwa ya janye bayan damina, in Allah ya kai mu, Jalingo zan nufa, daga can Lau, in tsallake Binuwai zuwa Karim Lamido. An ce sai na kwana a hanya, kuma gara in sami ɗan ƙasa ya raka ni wajen dagatai, don baƙo ba ya faɗa wa gari haka kawai yana tambayar wa ya ɓatar da yaro a 1905.